Yatsa Biyun Tela

A layinmu, idan aka ce "ranar motar asibiti" ba sai an ƙara bayani ba. Ranar Laraba ce, da hantsi. Motar ta shigo da jiniya, ta kusa ture bencin masu zaman hira, ta ci burki a ƙofar shagon tela. Sista, shugabar masu awon ciki a ƙaramin asibitin unguwa, ta diro da jakarta tana cewa, "Ina take? Ina mai cikin?"

Telan ya ɗago kai daga keken ɗinki, allura a bakinsa. Babu mace ko ɗaya a shagon. Wanda ke zaune a kujera Mahauci ne, ƙaton mutum mai wuya kamar turmi, ya naɗe hannun riga, na'urar awon jini ɗaure a damtsensa. Bai daɗe da gama cacar baki da wani dillalin shanu ba, har lokacin yana huci.

Sista ta dubi wayar hannunta, ta dubi Mahauci, ta sake duban wayar.

Ta ce da telan, "Wannan ce matar taka mai cikin wata bakwai?"

Mahauci ya ce, "Ranki ya daɗe, ni dai cewa aka yi in miƙo hannu."

Ga yadda abin ya faru. Asibitin ne ya ba matar telan aron na'urar, aka haɗa ta da wata manhaja a wayarsa. Duk awon da aka yi, na'urar na tura shi kai tsaye zuwa wayar Sista da sunan matar. Ranar nan ya fito da ita shago don ya yi mata caji, Mahauci ya gani ya ce a gwada shi, shi kuwa telan bai iya cewa a'a ba tun da aka haife shi. Na'urar ta nuna ɗari biyu da huɗu. Manhajar ta turo saƙo da jan rubutu: "Ki kwanta ta gefen hagu, kada ki tashi, muna zuwa." Wayar tana cikin aljihun tebur, ƙarƙashin tarin zare. Ita kuma mai cikin tana can makaranta, tana koya wa 'yan aji huɗu raba lamba.

Mu da ke kan benci mun yi dariya har da riƙe ciki. Sista ko murmushi ba ta yi ba.

Yatsa Biyu muke ce masa, kuma sunan ya girmi wannan rana da shekaru. Shekara ashirin da shida ke nan yana ɗinki a wannan shago, wanda ƙofa ɗaya ce ta raba shi da ɗakin kwanansa. Idan ya zagaya tef a ƙugunka, sai ya ɗora yatsa biyu ya rufe lambar, ya faɗi wata daban da ƙarfi yadda 'yan benci za su ji: "Talatin da takwas, yallaɓai, kamar bara." Ka fita kana jin kanka saurayi. Kafin ka kai bakin titi ya zagaya bayan ƙofa ya rubuta ainihin awon da alli, kuma da wannan na allin yake yanka yadi. Shi ya sa wandonsa ba ya matse kowa. Ni kaina shekara goma sha biyar ina talatin da takwas a bakinsa. In ka matsa masa da tambaya sai ya ce, mutum ɗinki ya kawo, bai zo jin labarin tumbinsa ba.

Matarsa kuwa, wadda shi ma Malama yake ce mata kamar kowa, lissafi take koyarwa, kuma ba a taɓa jin ta ba ɗalibi rabin maki ba. Amsa ko dai daidai ce ko ba daidai ba. Mun daɗe muna mamakin yadda suke cin abinci a kwano ɗaya.

Shekararsu goma sha huɗu da aure, babu ɗa a raye. Sau biyu ciki yana kaiwa wata bakwai, jininta ya hau ba wanda ya sani, sai dai a kwashe ta a sume. Sau biyu suna dawowa gida su biyu kamar yadda suka fita. A na biyun likita ya ce da an ƙara awa guda, da ita ma ba ta dawo ba. A aljihun tebur na can ƙasa akwai 'yan riguna huɗu, kowace ba ta fi tafin hannu biyu ba, waɗanda ya ɗinka ba a taɓa sawa ba. Da wannan ciki na uku ya zo, Malama ta ce kada ya kuskura ya ɗinka ko hula sai ta ji kuka da kunnenta. Saboda wannan tarihi ne aka sa ta cikin waɗanda za a ba na'ura.

To, ranar Larabar nan Sista ta turo ƙofar shago ta rufe, amma ƙofar katako ce, mun ji komai.

"Na'ura goma sha biyu gare mu, Malam, mata arba'in ke jira. Motar nan guda ɗaya ce. Lokacin da nake nan ina kallon damtsen abokinka, akwai wadda ke naƙuda a wani wuri tana leƙen hanya. Ka sake tayar mini da mota a banza, in karɓe na'urar in ba wadda mijinta ke da hankali. Ka ji ni?"

"Na ji, Sista. A yi haƙuri."

Ta karɓi wayarsa ta yi 'yan danne-danne. Ta ce daga yau na'urar ba za ta tura komai da kanta ba. Shi zai auna, ya shigar da lambar da hannunsa, ya danna inda aka ce ya tabbatar hannun Malama ne. Ta maimaita masa ƙa'idar kamar ɗan aji ɗaya. Lambar sama in ba ta kai ɗari da arba'in ba, manhaja za ta nuna kore, a ci gaba da shan magani. Daga ɗari da arba'in rawaya ce, a zo asibiti a ranar. Ɗari da sittin ja ce, ita da kanta za ta kira.

Da ta fito ta nuna Mahauci da yatsa. "Kai kuma gobe ƙarfe takwas in gan ka. Ɗari biyu da huɗu ko a jikin bijimi abin tsoro ne."

Daga ranar Yatsa Biyu bai sake samun sukuni a layi ba. Mahauci in zai wuce shagon sai ya kama baki da hannu biyu ya yi jiniya, wiii-wuuu, 'yan benci su amsa. Telan yana murmushi yana taka keke, amma kunnuwansa kamar su kama da wuta. Mutum ne da ya fi son a mare shi a ɓoye da a yi masa dariya a fili.

Kowace safiya, kafin Malama ta tafi makaranta, sai ta zauna a bakin gado ta ɗora hannu a kan matashi, shi kuma ya ɗaura mata na'urar da irin kulawar da yake sa wuyan riga. Tun ranar farko ta ce ba za ta kalli lambobin suna hawa ba, kallonsu kaɗai na sa zuciyarta bugawa. Sai ta juya fuska ga bango. Idan na'urar ta saki iska, ta ce, "Nawa?" Ya faɗa. Yayarsa, wadda ta goye shi tun yana yaye, ta zo ta zauna da su don ta kama wa Malama aiki, ita ma takan tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya ta ji, ta ce, "To, Alhamdu lillahi, Auta." Yana da furfura a gemu, amma a bakin Yaya har gobe Auta ne.

Mako uku ana ganin kore. Sai wata Litinin na'urar ta nuna ɗari da arba'in da uku.

Ya dubi lambar, ya dubi ƙeyar Malama. Uku kacal. Ya tuna Sista ta taɓa cewa damuwa ma na ɗaga jini. To in ya faɗa mata, ai ya ƙara mata ke nan. Ya tuna barandar asibitin da ya zauna sau biyu. Ya hango kansa yana fitowa da ita ta gaban benci da safiyar nan, a je a sake aunawa a ce lafiya lau, Sista ta miƙo hannu ta ce a ba ta na'urarta.

"Nawa?"

"Ɗari da talatin da shida."

Bakinsa ne ya faɗa tun kafin ya gama shawara, yadda yake faɗa wa masu ɗinki. Ya shigar da hakan a waya. Manhaja ta yi kore, ta ce madalla. Sannan ƙafafunsa suka kai shi inda suka saba kai shi bayan kowane awo. Ya zagaya bayan ƙofar shago, a ƙasan awon ƙugun mutanen layi, ya rubuta 143 da alli.

Washegari 145. Ya ce ɗari da talatin da biyar. Kashegari 144, sai ya ji sanyi, ya ce ai ga shi yana sauka. Sannan 149.

Tela yana ganin kumburi kafin likita. Ya lura hannun rigarta ya fara cin damtsenta, sai ya bari ta tafi wanka, ya ɗauki rigunan ya farke ya ƙara yatsa biyu, ya mayar kan ƙusa. Zobenta ya ƙi fita. Takalminta na makaranta ya ƙi shiga, ta koma silifa. Yaya ta ce kowace mai ciki ƙafarta na kumbura, ita da ta haifi bakwai ta sani.

A rana ta biyar saƙo ya shigo daga Sista. Ta ce tunda awon yana kyau haka, ba sai Malama ta wahalar da kanta ta zo awon wannan makon ba, ta bari sai mako mai zuwa. Har da cewa ta yaba wa maigida, ya gyara halinsa. Malama ta ji daɗi ƙwarai, don ranar awon ta faɗo kan ranar jarrabawar ɗalibanta. Shi kuwa ya karanta saƙon sau uku, ya buɗe wurin amsa, ya rufe. A ranar ne ya ɗinka wa wani direba aljihu a bayan gwiwa. Mun ɗauka tsufa ne ya fara.

Bayan ƙofa kuwa lambobin sai hawa suke kamar matakala: 151, 150, 155, 157, 158. A waya kullum kore. Yatsa biyun nasa ya zama uku, ya zama tafin hannu. Kowace safiya yana ce wa kansa gobe in bai sauka ba zai faɗa.

Safiya ta goma Malama ta fito ɗaure da ɗankwali tamau a goshi, jakar makaranta a kafaɗa. Ta ce kanta ke sara tun asuba, kuma tana ganin wasu ƙananan taurari suna yawo a bango. Ta dafa ƙasan haƙarƙarinta na dama, ta ce nan ma ya riƙe, wataƙila yunwa ce. Ta zauna, ta juya fuska.

Na'urar ta matse, ta yi ta matsewa fiye da kullum, sannan ta saki. 172.

Ya ce bai ɗaura daidai ba, ya sake. 176.

"Nawa?"

Ya dubi wayar ya ga babban yatsansa har ya riga ya danna ɗaya da uku. Ya tsaya yana kallon lambobin nan biyu. Sau biyun da suka wuce, da ciwon kai irin wannan aka fara.

"Maigida, ina magana. Nawa?"

Ya goge. Ya danna ɗaya, bakwai, shida. Ya tabbatar hannun Malama ne. Fuskar wayar gaba ɗaya ta koma ja, kuma kafin ya sauke hannu ta fara ƙara. Wayar tasa ta daɗe da lalacewa ta wajen kunne, sai an buɗe murya kowa ya ji.

"Hannun wa ka auna yau?" in ji Sista. Ko gaisuwa babu.

"Na Malama ne, Sista."

"Jiya ɗari da talatin da shida. Shekaranjiya da bakwai. Kwana talatin matar nan tana kore, yau ɗaya ta tsallake rawaya ta faɗa ja? Mota tana hanya da wata mai zubar jini. Ka duba ɗaurin da kyau, ta huta minti goma sha biyar, ka sake aunawa ka turo. Na'ura takan yi kuskure."

Ga ƙofa ta buɗe masa. In ya ce to, ya kashe waya, ba wanda zai san komai. Malama ta juyo tana kallonsa, idanunta a ƙanƙance saboda hasken taga. Yaya na tsaye da tsintsiya.

Ya ce, "Ba kuskure ba ne. Ba yau ya fara ba."

"Me ka ce?"

"Ki dakata, Sista, kada ki kashe."

Ya fita da gudu ba takalmi, ya janyo ƙofar shago, ya ɗauki hoton bayanta. Na farko bai fito ba, ya sake. Mu 'yan benci muna kallonsa, har wani ya fara ɗaga hannu zai yi jiniya, da ya ga fuskarsa sai ya sauke. Ya tura hoton ya koma ciki, ya bar ƙofa a buɗe.

Hoton ya isa wayar Sista.

"Kwana tara," in ji Sista. Muryarta ta sauka ƙasa, kuma wannan ta fi ihunta ban tsoro. "Ba ni Malama."

Ta yi mata tambaya uku: kai, ido, haƙarƙari. Malama ta ce e, e, e.

"Ku saurare ni. Kada ku jira mota, kuma kada ku zo wurina. Babban asibiti za ku wuce. Yanzu zan tura wa likita hoton nan da duk bayananta, za ku tarar ana jiranku a ƙofa. Ta kwanta ta gefen hagu, a rufe mata ido daga haske. Minti talatin na ba ku. Kada ka kashe wayar nan."

Motar da ke layin a lokacin guda ɗaya ce, ta Mahauci, wadda yake ɗauko nama da ita daga mayanka. Ya buɗe bayanta, ya leƙa, ya ce ko kare ba zai kwantar a nan ba, a ba shi minti biyar ya wanke. Yatsa Biyu ya shiga shago ya rungumo yadukan mutane gaba ɗaya daga kanta, ya zube a ciki, ya shimfiɗa ɗaya kan ɗaya. Farin yadina da na kawo makon jiya shi ne a sama. Muka kamo Malama muka kwantar. Yaya ta ɗora kanta a cinya ta rufe mata ido da gefen mayafi. Sakatar ƙofar baya ta karye tun bara, sai aka ce in hau in riƙe.

Ba mu yi nisa ba Malama ta janye mayafin ta ce a ba ta wayar. Ta kai ta dab da ido, ta daɗe tana kallon hoton.

"Rubutunka ne."

"Nawa ne, Malama."

"Kullum ina tambayarka."

"Kina tambaya."

"Ran farko ka cire bakwai. Jiya ka cire ashirin da biyu. Ko ƙaryar ma ba ka bi ƙa'ida ɗaya ba." Ta numfasa. "Rigunana ma kai ne ka buɗe su. Na ɗauka ramewa nake."

Ya sunkuyar da kai. Ta miƙa masa wayar, amma hannunta ya wuce gefen nasa.

"Matso," ta ce. "Ba na ganin fuskarka sosai."

Sista ta ji ta waya. Ta ce, "Kuna ina?" Na faɗa mata. Ta ce, "Minti goma sha ɗaya sun tafi. Ku gaya wa direban ya taka."

A mahaɗar kasuwa wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi, hanya ta cushe, masu babur sun cika kowace kafa. Mahauci ya danna oda, odar ta yi wani ɗan tari ta ɗauke. Ya daki sitiyari. Sai kawai ya zuro kai da rabin ƙirjinsa ta taga, ya buɗe maƙogwaron nan da yake kiran masu saye da shi daga ƙarshen layi, ya saki jiniya. Wiii-wuuu! Wiii-wuuu! Ita ce dai wadda ya yi wata guda yana tsokanar telan da ita. A tsakani yana ihu, "Mai ciki! Ku ba da hanya, mai ciki ce!" Mutane suka waiwayo za su yi dariya, suka hango ƙafafun Malama ta ƙofar da nake riƙe da ita, sai masu babur suka fara janyewa, wasu 'yan dako suka ɗage teburan masu tumatir, muka bi ta gefen kwata, taya biyu a sama.

Yatsun hannun Malama sun fara wani irin motsi da ba ita ke yi ba. Yaya tana addu'a a bayyane. Yatsa Biyu ya riƙe hannun da nasa biyu yana cewa, "Saura kaɗan, saura kaɗan," sai ya tsaya, ya leƙa waje, ya gyara: "Saura titi uku, Malama. Uku ne."

A ƙofar babban asibiti ba wanda ya ce mu yanki kati, ba wanda ya tambayi suna. Ma'aikata biyu na tsaye da gadon turawa, wata nas da allura a zuƙe a hannunta, ta yi mata tun kafin a gama sauke ta. Likitar, wata 'yar siririya mai tabarau, tana riƙe da faffaɗar waya, a fuskar wayar kuma ga ƙofar shagon layinmu, da awon ƙugunmu duka a sama, da matakalar Malama a ƙasa. Ta ce da ganin yadda ya hau kwana tara, ga ciwon kai da ido, ba za su jira komai ba, za a ciro abin da ke cikin yanzu. Aka miƙo takarda ya sa hannu. Mutumin da ke zura zare a allura ba tabarau, sai da Mahauci ya riƙe masa takardar.

Muka zauna a baranda, rana ta fara ɗagawa. Yaya ta ce wa ƙanenta, ba tare da ta dube shi ba, "Auta, ni na goye ka. Ina tsaye da tsintsiya kana faɗa ina cewa Alhamdu lillahi. Har ni ka sa a ciki." Tef ɗinsa na rataye a wuyansa tun safe, ya yi ta naɗe shi a yatsa yana warwarewa.

Sista ta iso a kan babur, ta shiga ciki, ta fito, ta tsaya a kansa.

"Da babu allin nan, da na ce ku huta minti goma sha biyar. In ya ɗan sauka, in ce ku ƙara wasu." Ta gyara jakarta. "Kada ka ɗauka yabo ne. Ban huce ba."

Awa ɗaya da rabi ƙofar ba ta buɗe don mu ba. Duk wanda ya fito da farar riga sai mu miƙe, ya wuce, mu zauna. Daga baya likitar ta fito tana cire safar hannu. Ta ce mace ce, ba ta kai kilo biyu ba, amma ta yi kuka da kanta, an sa ta a kwalba. Uwar kuma ba ta yi jijjiga ba, allurar ta riga ta. Sai dai jinin bai sauka ba tukuna, kwana biyun nan su ne abin dubawa.

Yatsa Biyu ya miƙe. "Likita, nawa ne yanzu?"

Ta ɗan yi jim, irin na mai neman lafazi mai taushi.

Ya ce, "Don Allah kada ki rage mini ko ɗaya."

"Ɗari da sittin da takwas."

Ya ce na gode, ya koma ya zauna, sannan ya rufe fuska da hularsa.

A rana ta uku jinin ya fara sauka. Malama ta yi mako guda ba ta ce masa komai ba sai "miƙo ruwa". Jaririyar ta yi kwana goma sha tara a kwalba. Ya roƙi nas ta auna masa ita da tef ɗinsa, ya ɗinka riga a kan awon cif, Malama ta juya ta ciki da waje, ta ce, "Daidai." Shi ne makin farko da ta ba shi. Na'urar ta ƙara wata biyu a gidan, amma Malama ke ɗaura wa kanta, ido a kan lambobi, kuma Sista ta mayar da ita tana turawa da kanta. Shi an hana shi ko goge mata ƙura. Farin yadina kuwa, an wanke shi sau huɗu, har yau in na sa rigar karnukan layi na raka ni masallaci.

Kwanan baya na kai masa sabon ɗinki. Benci a cike, Yaya na zaune a ƙofar gida da yarinyar a cinya, ta yi kumatu. Mahauci ya zo wucewa, ya tsaya ya haɗiyi ƙwayarsa ta hawan jini da ruwan shagon, sannan ya kama baki ya yi 'yar jiniya ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Yatsa Biyu, yaushe za ka sake kira mini motar asibiti? Na yi kewar Sista."

Aka fashe da dariya. Telan bai ɗago ba, yana zagaya tef a ƙuguna.

Ya ce, "Ai kai ka ci riba, ƙato. Kai na ba ka lambarka cif, matata na yi wa ragi." Ya ce da ni, "Ɗaga hannu, yallaɓai." Ya janye yatsunsa daga kan tef ɗin, ya ɗaga murya yadda har na ƙarshen benci zai ji. "Arba'in da huɗu. Kuma bara ma arba'in da huɗu ne."